Abin da Ban Faɗa wa Kawunki Ba a Bakin Tukunyar Tururi

Magariya, ranar Talata

Zuwaira ƴata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya kai ki Yamai lafiya, ya tsare ki a hanya da bayan kin sauka. Na san za ki yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, tukunya ɗaya ake dafa mana, amma ga ubanki ya zauna a rumfar injin niƙa yana rubuta miki takarda kamar wanda ya tafi wata ƙasa. To, haka nake. Abin da zan faɗa miki bakina ba zai iya shi ba in kina gabana, kuma wannan hali nawa shi ne kan maganar gaba ɗaya. Zan sa takardar cikin jakarki, ki karanta in kin huta.

Tun ranar da kika shigo kika ce ma'aikatar da ke ɗura gas a kwalabe ta ɗauke ki aiki, ban ƙara jin daɗin abinci ba. Mutane suna ta zuwa yi min barka, ina amsawa ina dariyar yaƙe. Kin yi karatunki, kin ci dipilom ɗinki da guminki, ba wanda ya ba ki. Ba iliminki nake tsoro ba, tarbiyyar da na yi miki nake tsoro. Ni na koya miki ki sunkuyar da kai in babba yana magana, ni na koya miki ki ce "to" ko ranki bai so ba, kuma kin koya har kin fi malamin naki. Duk unguwa ana yabonki da kunya. Ni kuwa na san inda kunya ta taɓa kai ni, shi ya sa yabon nan yake tayar min da hankali.

Kin san kawunki Hamidu na Bande, yayan uwarki. Kin tashi kin gan shi makaho, da tabon ƙuna daga goshi har wuya, yana tufkar igiya a zaure. An gaya miki tukunyar ma'aikatar man gyaɗa ce ta fashe da shi tun ba a haife ki ba, kuma an ce kuskurensa ne. Rabin farko gaskiya ne. Rabi na biyu ƙarya ce, kuma ina cikin waɗanda suka bar ta ta zauna har ta tsufa.

Ma'aikatar tana bayan gari. Yanzu ba komai a wurin sai katanga da tumfafiya, amma a lokacin, in kaka ta yi, amalanken jaki daga Kwaya da manyan motocin kamiyo daga Dungas layi suke yi da buhunan gyaɗa. A ɓare gyaɗa, a turara ta, a matse mai. Duk tururin daga wuri ɗaya yake fitowa, wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe mai tsawon ɗaki biyu, wadda ake hura wa wuta da ɓawon gyaɗar. Ni ne mai kula da ita daga safe zuwa azahar, shekara tara. Aikin ba wuyar faɗa: kada ruwa ya yi ƙasa, kada tururi ya yi yawa. In ruwa ya ƙafe ƙarfe ya yi ja, ko tururi ya rasa hanyar fita, to sai dai a tsinci mutane.

Wanda ya ƙera ta ya san da haka, shi ya sa ya yi mata masu gadi har huɗu. Akwai ƙararrawa mai kuka in ruwa ya ja baya. Akwai pompo biyu masu tura ruwa, in ɗaya ya gaza ɗaya ya karɓa. A samanta akwai supap, wani ɗan murfi mai hannu da nauyi a rataye, in tururi ya yi yawa sai ya ɗaga shi ya fita da kansa. Sannan ga gilashi a gefe mai nuna inda ruwa ya tsaya. Ranar da aka kafa ta, sai dukansu sun mutu tare kafin ta cuci mutum. Mu muka bi su ɗaya bayan ɗaya muka kashe, cikin kamar shekara uku, kuma ba ranar da wani cikinmu ya koma gida yana jin ya yi laifi.

Da ƙararrawa na fara. Ruwan rijiyarmu yana barin wani farin datti mai kama ƙarfe. Akwai maganin da ake zubawa don hana shi, sai mutanen biro, wato ofis, suka ce ya yi tsada, aka daina saye. Ba a jima ba ƙararrawa ta fara kuka ba dalili. Ka tashi a guje ka duba, ka tarar ruwa cike. Ta yi sau biyar, ta yi sau goma a wuni. Mun kai kuka, aka ce za a turo mai gyara daga Damagaram, har yau yana hanya. Wata safiya ina cin ɗumame ta ɓarke sau uku kafin in kai loma biyar, na tashi cikin fushi na cusa mata tsumma. Kowa ya yi dariya. Ɗanjuma mai zuba ɓawo a wuta, wani dattijo mutumin Dungas, har cewa ya yi, "Allah ya yi ma albarka, Isufu, yau kunnena ya huta." Tsumman nan ya shekara uku a wurin.

A wurin aikinki za ki tarar da abin da ke kuka ba dalili, ko wata fitila ja da ke kunne kullum, kuma za ki tarar tsofaffin ma'aikata sun daina ganinta. Za su ce miki haka take, ki ƙyale ta. Kada ki saba, Zuwaira. Na'urar da ke ƙarya ba ta da lafiya, gyara take so, ba toshe baki ba. Ki rubuta, gobe ki sake rubutawa, har su gaji da ganin sunanki.

Sai pompo na biyu. Tsakiyar kaka injin matsa ya ƙone, ga gyaɗa jibge har bakin ƙofa. Shef Abdu, shugaban aikinmu, ya zo ya tsaya a kan pompon ya ce, "Wannan ai zaune yake ba ya komai. Ku kwance injinsa ku kai can, in sabo ya zo a mayar." Da hannuna na kwance shi. Sabon ya zo bayan wata huɗu, aka kai shi wani wuri da aka ce ya fi gaggawa. A lokacin ban ga laifin shef ba. Shi ma mai ma'aikatar yana Yamai yana buga masa tarho safe da yamma, yana tambayar ganga nawa aka cika. Ban taɓa jin ya tambayi pompo nawa ke aiki ba, kuma abin da babba yake tambaya kullum shi na ƙasa suke bauta wa. Abin da aka ajiye don ranar wuya kuwa, kullum kamar banza yake a ido, shi ya sa shi ake fara ɗauka. In kin isa, duk injin da aka nuna miki ki tambayi ina na biyunsa, kuma yaushe rabon da a tayar da shi a gani.

Supap ita ce babban zunubina. Ta fara yoyo, tana sakin tururi tun bai kai ba. Gyaɗa ba ta turaruwa, mai ba ya fita. Na nemi sabuwa. Shef ya ce, "Na rubuta Yamai. Kafin nan ku san yadda za ku yi, ni dai kada aiki ya tsaya." Ki riƙe maganar nan da kyau, don wata rana za a faɗa miki irinta. Bai ce in ƙara nauyi ba, bai kuma ce kada in ƙara ba. Ya ajiye min laifin ya tafi da hannunsa tas. Na tsinto wani dunƙulen ƙarfe a bola, na ɗaure shi da waya a hannun supap. Yoyo ya tsaya, mai ya zuba. Shef ya dafa kafaɗata a gaban mutane ya ce Isufu injiniya ne, takarda ce kawai ba shi da ita. Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Na koma gida kaina kamar zai taɓa rufi, har na ba uwarki labari, ita ma ta taya ni murna ba ta san me take taya wa ba.

Duk wanda ya ce miki ki san yadda za ki yi, ki ce ya faɗa miki yadda yake so a yi, ya rubuta, ya sa hannu. In ya ƙi, to kin san abin ba na yi ba ne. Kuma ki ji tsoron yabo fiye da faɗa. Faɗa bai taɓa sa ni ɗaure supap ba.

Za ki ce ai akwai masu dubawa. Akwai. Sau ɗaya a shekara mai duba tukwane yakan zo, kuma tun da mako ake sanar da mu. Mu cire tsumma, mu kwance ƙarfe, mu share, mu shafa fenti. Ya zagaya hannu a baya, ya ci kaza a biro, ya sa hannu. Motarsa ba ta kai kwalta ba na mayar da ƙarfena. Daga nan kowa ya jingina da wani. Mai ma'aikata yana cewa ga takarda an duba. Shef yana cewa masu tukunya sun fi kowa saninta. Mu kuma muna cewa in da haɗari ai da manya sun hana. Kowa ya saki, yana zaton wani yana riƙe.

Kuma kada ki ce Allah bai yi mana gargaɗi ba. Wata rana pompon da ya rage ya tsaya ban lura ba, sai na ji muryar tukunya ta canja. Na yi tsalle na janye wuta, ni da Ɗanjuma muka yi ta kwashe garwashi har gashin hannunmu ya babbake. Mun tsallake rijiya da baya. Me kike tsammani muka yi? Labarin jarumta muka mai da shi. Wata guda ana ba da labarin kunnen Isufu a wurin shayi. Ba wanda ya ce a tsaya a ga me ya sa pompo ya tsaya, ko me ya sa ba abin da ya yi kuka. Akwai kaye, littafin da kowane mai tukunya yake rubuta abin da ya faru kafin ya tashi. Na buɗe shi na rubuta abin da muke rubutawa kullum: ba komai. Na ji kunyar a ce a hannuna ruwa ya yi ƙasa.

Ranar da kuka tsira da ƙyar, kada ki shiga cikin masu dariya. Ki yi hamdala, sannan ki ɗauka kamar abin ya faru ne an yi gawa, ki bi shi daki-daki har tushe. Ki rubuta shi yadda ya faru ko da sunanki ne zai fito a ciki.

Na ƙarshe gilashi ne, shi kuma ba mu ma taɓa shi ba, farin dattin nan ne ya toshe bakinsa. Sai ya riƙa nuna ruwa ko da babu. Ni na san dabararsa: ka buɗe ɗan famfon ƙasa ka bar shi ya fesar, sai ya faɗi gaskiya na ɗan lokaci. Pompo kuma in ya tsaya, akwai inda ake bugunsa da guduma. Duk wannan a kaina yake da kan Mamman, abokin aikina mai karɓar ta daga hannuna da azahar, ba a takarda ba. Tukunya ta zama kamar jakin da mutum biyu kawai ya sani. Ana nan sai aka ce za a rage ma'aikata, aka sallami Mamman, aka ɗauko kawunki daga wajen matsa aka ce shi zai riƙa karɓar tukunyar daga hannuna. Ma'aikaci ne na ƙwarai, ya fi ni natsuwa, kuma ya taɓa koyon tukunyar shekarun baya. Amma wadda ya koya lafiyayya ce, ba wannan da muka mayar da ita ba.

Ke kin san abin da kawunki yake a wurina. Ubansu ya rasu uwarki tana ƙarama, shi ya raine ta, shi ya ba ni aurenta. Tun daga ranar ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, ban ci abinci a gabansa ba, ban kira sunansa ba sai dai Yaya. In na hango shi a hanya, ko in cire takalmi in durƙusa, ko in canja lungu. In akwai magana tsakaninmu sai a aiki wani. Da a ce ƙanin uwarki ne, abokin wasa, da na ja kunnensa na ce, "Kai sakarai, zo ka ga inda ake bugun pompo." To amma yaya zan dubi mutumin da ya ba ni ƙanwarsa in ce masa na toshe ƙararrawa, na ɗaure supap, gilashi ƙarya yake yi, kuma shekara da shekaru ina rubuta ba komai?

Kwana biyu na farko ta bakin Ɗanjuma na aika, shi ma rabi-rabi, don abin kunyar na rage shi a hanya. Rana ta uku pompo ya tsaya min sau uku tun safe, na ukun sai da na yi ta bugu kafin ya tashi. Bai taɓa yin haka ba. Azahar ta yi, Ɗanjuma ya tafi alwala, kawunki ya shigo. Na durƙusa.

"Barka da rana, Yaya."

"Barka kadai. Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Yaya mutan gida?"

"Suna lafiya."

"Yaya aikin?"

"Da godiya."

Ya ɗaga kai ya dubi tukunyar, ya ɗan jima yana dubanta. Sannan ya ce, "Ita fa, lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau, Yaya."

Kin ji miƙa aiki. Tukunyar da za ta iya tashin unguwa, na miƙa ta da gaisuwar da ake yi a bakin masallaci. Na ce a raina zan tsaya a ƙofa in faɗa wa Ɗanjuma. Na ɗan jira bai dawo ba. Da ina da wani babban uzuri da na rubuta miki shi, amma babu. Yunwa nake ji, rana tana duka, na ce gobe na faɗa.

Ina alwalar la'asar a ƙofar gida na ji ƙasa ta motsa, buta ta kife. Duk Magariya an ji. Kafin in miƙe na san mene ne, kuma na san yadda aka yi kamar ina wurin. Pompo ya tsaya, gilashi yana nuna ruwa, ƙararrawa bakinta a toshe, ƙarfe ya yi ja a ciki. Da kawunki ya lura ya samu ya tayar da pompo, ruwan sanyi ya sauka kan jan ƙarfe, tururi ya taso gaba ɗaya ya nemi hanya, ya tarar da ƙarfena zaune a kan supap. Rufin kwano ya tashi sama. Ɗanjuma nan take ya cika. Bangon baya ya faɗa kan wasu mata biyu masu sheƙar gyaɗa, waɗanda ba su taɓa ko leƙa ɗakin tukunyar ba, su ma ba su kai asibiti ba. Kawunki aka kai shi Damagaram, ya yi watanni a kwance, ya dawo ba ido.

Masu bincike sun zo daga Yamai. Ƙarfena ya tashi tare da supap, ba wanda ya gan shi. Tsumma ya ƙone. Kaye kuwa ya tsira, shafi bayan shafi ba komai, ba komai, da rubutun hannuna. Takardar mai duba tukwane ma tana nan da hatiminta. Sai aka dubi wanda hannunsa ya taɓa tukunyar a ƙarshe, aka rubuta cewa ma'aikaci ya tura ruwan sanyi cikin tukunya mai zafi. Ba su yi ƙarya ba, ya tura. Ba su tambayi maganin ruwan da aka daina saye ba, ba su tambayi pompo na biyu ba, ba su tambayi me ya sa aka sallami Mamman ba. Ni tambaya ɗaya suka yi min, wai lafiya na bar ta? Na ce lafiya na bar ta. Mutanen gari suka ce ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, Zuwaira, amma na san hannun da ya murɗa wayar nan.

Wannan shi ne abin da ya fi hana ni sukuni game da ke. In abu ya faru, hannun ƙarshe ake nema, don shi ne mai sauƙin kamawa. Waɗanda suka shekara suna rage wannan suna jinkirta wancan, suna biro, rigarsu ba ta ko yi baƙi ba. Ke kuwa sabuwa ce, ƙarama ce, mace ce cikin maza, kuma ke za a riƙa bari da injin. Za ki gaji dabarun da ba ki san da su ba, waɗanda aka ɗaure tun kina ƴar makaranta a lakwal. Kuma gas ba tukunyar gyaɗa ba ce. Tamu mutum uku ta ci. Taku in ta tashi, har masu sayar da abinci a bakin hanya da yaran maƙwabta sai sun shiga ciki.

Don haka ki saurare ni a nan, ko kin manta da sauran. Karɓar aiki ba gaisuwa ba ce. Ki gaida mutum yadda na koya miki, ki tambayi iyalinsa, ba na hana ki. In gaisuwa ta ƙare kada ki bar shi ya tafi. Ki ce, me ya ba ku wahala yau? Me kuka kashe, me kuka ɗaure, me ke ƙarya? Ku zagaya tare, ya nuna miki da yatsa. In ya ce lafiya lau, ki sake tambaya, don na farkon kowa haka yake cewa. Ko sa'an ubanki ne, ko da furfura har ƙirji, ki dube shi cikin ido. In ke ce mai miƙawa, ki fara da mafi muni, ki fara da wanda ke kika jawo. Kada ki aiki kowa, kada ki bar shi sai gobe. In kuma kin ga abin da bai kwanta miki ba, ki tsayar da aiki, a yi miki tsawa. Tsawa ba ta ƙona fuska.

Makon jiya na kasa daurewa. Na hau moto na tafi Bande, na tarar da kawunki a zaure da igiyarsa. Na cire takalmi, kuma maimakon in durƙusa daga bakin ƙofa, na je na zauna a kan tabarmarsa. Ya ji motsin ya juyo da fuska. Na faɗa masa duka, tun daga tsumma har yunwar da ta kore ni gida. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Na ga ƙarfen, Isufu. Tun ranar farko na gan shi. Tsumman ma na gani. Shi ya sa na tambaye ka ko lafiya."

Na ce, "To, Yaya, me ya hana ka ƙara tambaya?"

Ya ce, "Ka ce lafiya lau. In na ƙara, na ƙaryata mijin ƙanwata ke nan a wurin aikinsa. Sai na ce in mun kwana biyu zan aiko Ɗanjuma ya yi ma magana." Ya ja igiyarsa ya ci gaba da murzawa. Can ya ce, "Masu binciken ma sun same ni a asibiti. In na faɗa, kai za a ɗaure, ƙanwata kuma ga ta da ciki. Ni ido ya riga ya tafi, me zan yi da suna?"

Ban san lokacin da na fara kuka ba. Ya laluba ya kamo hannuna, karo na farko tun da na san shi, ya ce, "Ni da kai mun girmama juna har mun kashe mutum uku. Ni na yafe ma nawa. Na Ɗanjuma da matan nan ba ni ke da shi ba." Gaskiya ya faɗa. Saura in je Dungas wurin ƴaƴan Ɗanjuma, in kuma nemi dangin matan nan, kuma har yanzu ban sami ƙarfin tashi ba. Ki taya ni da addu'a.

Da na dawo na faɗa wa uwarki. Kin lura da shirun gidan kwanakin nan, kin zaci tafiyarki ce ta sa. Ba ita ba ce kaɗai. Kwana shida ke nan tana ajiye min abinci ta juya, ko kallona ba ta yi. Ban ga laifinta ba. Shekara ashirin da wani abu tana jin ana cewa yayanta ne ya kashe mutane, tana haɗiyewa, ashe mai laifin yana ɗakinta yana cin tuwonta. Ke ma in kin karanta kika ji na ragu a idonki, ba zan ce kin yi rashin adalci ba. Na gwammace in ragu a idonki da in je karɓo ki a asibiti.

Ɗazu ina tsakiyar rubutun nan ta zo rumfa, abin da ba ta saba yi ba. Ta tsaya daga bakin inuwa ta ce, "Takardar Zuwaira ce?"

Na ce ita ce.

"Ka rubuta mata duka?"

"Duka."

Ta juya kamar za ta tafi. Sai ta ce, "To ƙara wannan, yadda na faɗa, kada ka gyara. Ka ce mata ban aika ta Yamai neman yabo ba. In an ce ba ta da kunya, a zo a faɗa min, ni zan ɗauka. Ta dawo min da idonta biyu ta gan ni."

Na rubuta yadda ta faɗa, ban gyara ba.

Allah ya kiyaye ki, ƴata, ya kiyaye duk wanda zai karɓi aiki daga hannunki da wanda za ki karɓa daga nasa. Allah ya buɗe bakinki a inda na rufe nawa, ya dawo mana da ke lafiya. Amin.

Ubanki,
Isufu